Jan Zanen da Ya Kai Inna Gungu

Tun kuna ƙanana kuke jin labarin tafiyar Inna a bakin Baffanku Manu, Allah ya jiƙansa, kuma kowace shekara labarin ƙara ƙiba yake yi. Da farko dorina guda ce ta leƙo mu daga nesa. Kafin ya rasu sun zama garke, shi kaɗai ya kore su da gwangwalar tuƙi. Ban taɓa ƙaryata shi gaban mutane ba, ai ba a yi wa wan miji haka. To yanzu da shi da babanku duk sun riga mu gidan gaskiya, ni ma ƙafata ta fara ƙin zuwa inda na aike ta, don haka bari in gaya muku yadda abin ya kasance. Tuƙi nasu ne, ban hana su ba, hannuwansu sun tsage a kansa. Shiri kuwa, daga farkonsa har ƙarshensa, nawa ne, ni uwarku da har yau ba ta iya iyo ba.

Kun san ni 'yar Gwandu ce, cikin shanu na buɗe ido. Ruwan da na sani kafin aure shi ne na rijiya da na tafkin damina da maruƙa ke sha. Sai ga shi an kawo ni Kalgo gidan masunta, inda yaro ke koyon tuƙa jirgi kafin ya iya ɗaura wando. Ranar da aka fara sa ni cikin kwalekwale na kama gefe da gefe, na karanto duk addu'ar da na sani har da ta shiga bayi. Daga nan sunana ya ɓace, kowa sai 'yar tudu. Ƙarnin kifi ya hana ni cin abinci wata da watanni. Wadda ta tsaya mini ita ce kakarku Inna, uwar babanku. Ita ta koya mini bandar kifi, ita ke ɓoye mini fura idan an yi miyar kifi, kuma duk wadda ta yi mini dariya a tsakar gida Inna za ta wanke ta tas. Ban san abin da ake kira uwar miji mai wuya ba. Ina son matar nan ƙwarai, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Inna 'yar tagwaye ce, ita ce Husaina. Hassanarta an aurar da ita can ƙasa, a wani gungu, wato tsibiri, kusa da inda gulbinmu ke zubawa cikin Kwara. Lokacin ƙuruciyarsu duk kaka sai ɗaya ta ziyarci ɗaya a jirgi. Daga baya tsofaffin da suka san hanya suka ƙare, mota ta zo, aka koma zagayawa ta titi, a hau babur, sannan a ƙetara. Sai Inna ta zame a bakin rijiya ƙugunta ya karye. Mai ɗori ya yi iya yinsa, ƙashi ya ƙi komawa daidai. Sau ɗaya aka ɗauke ta a mota zuwa Birnin Kebbi, kafin a kai ta suma saboda girgiza, ta kuwa rantse ita da mota har abada. Ba a daɗe ba ita ma Hassana ɓarin jikinta ya shanye, harshenta ya yi nauyi. An gwada haɗa su a waya. Wannan ba ta iya fitar da magana, waccan kunne ya yi nisa, sai kowace ta riƙe waya tana kuka. Haka shekaru suka yi ta wucewa ba su ga juna ba.

A tsakiyar daminar shekarar da nake ba ku labari saƙo ya zo cewa Hassana ta rage cin abinci, kuma ba abin da ke fita bakinta sai sunan 'yar'uwarta. Da yamma ina shafa wa Inna man shanu a ƙafa, ta kama hannuna ta riƙe.

"Dije, ni dai in ga Hassana da idona. Ba ni roƙon Allah komi bayan wanga."

Na kai wa babanku maganar, shi kuma ya kai wa wansa. Baffanku Manu ne babba a gidan, kuma mutum ne da idan ya ce a'a, to an rufe ƙofa. Ya ce mota ba ta yiwuwa, kowa ya sani. Jirgin inji ba ya tashi daga nan zuwa can, ko da yana tashi, dukan da yake yi wa ruwa ya fi na mota. Saura kwalekwale, shi kuwa wa ya san gulbi yanzu? Duk ambaliya sai ruwa ya sake hanya, inda ake bi bara bana yashi ne, ciyawar burugu da kainuwa sun toshe rassa, ka shiga wani reshe ka yini kana tuƙi ka tarar ba ya ɓullewa. A ɗauki tsohuwa mai karyayyen ƙugu a kwana da ita cikin daji ba a san gaba ba? Ya ce a yi mata addu'a kawai. Babanku, kun san shi, mutum ne mai sanyi kamar ruwan randa. Ya dawo ya ce mini Yaya ya yi gaskiya. Na ce gaskiyar tasa ta yi masa kyau, na juya masa baya, ranar ko tuwo sai da ya ɗebo da kansa.

Abin ya tsaya mini a rai. A kasuwar Kalgo Allah ya buɗe mini ido. Akwai wata ƙawata Ige, mai saro busasshen kifi daga tungayen ƙasa, wato ƙananan ƙauyukan masunta na bakin gulbi. Ina yi mata ƙorafi, ina cewa wai ba wanda ya san gulbi, sai ta yi tsaki ta ce ita dai ta san daga nan zuwa tungar da aka kai ƙanwarta, don can take saro kaya. Na ce daga nan fa? Ta ce daga nan sai a tambayi ƙanwar tata, ita ke zuwa biki tunga ta gaba, inda aka aurar da ɗiyar liman. Na ce daga nan fa? Muka zauna kan buhu, ita tana kiran suna ni ina cewa daga nan fa, har masu sayen kifi suka gaji suka tafi. Ashe tun daga Kalgo har gungun su Hassana, da wuya ka yi tuƙin yini ba ka iske tungar da aka kai wata ɗiyar garinmu aure ba. Gaskiya ne ba mai rai da ya san gulbin duka. Amma kowace daga cikin matan nan ta san ƙofar gidanta, mijinta kuma kullum yana cikin ruwan. Na tashi daga kan buhun nan cike da murna.

Ga yadda na yi. Mutanen gulbi suna da kifi har ya gundure su, amma man shanu sai su gani a mafarki. Na aika Gwandu wurin mahaifiyata da ƙannenta na Dodoru, suka tara mini mai, na zuba a ƙananan ƙoƙuna. Sannan na ɗauko jan zanena na fita biki, wanda duk unguwa aka san ni da shi, na rufe ido na yayyaga shi tsilla-tsilla. Kowace mace na aika mata ƙoƙon mai da 'yan ƙyallaye, da saƙon baki: Inna Husaina za ta wuce wurin 'yar'uwarta idan ruwa ya fara ja. Ina roƙon masauki, ina roƙon labarin ruwanku, kuma idan lokaci ya yi, duk inda gulbi ya rabu a yankinku, mijinki ya kafa sanda a bakin reshen da ke ɓullewa ya ɗaura wannan ƙyalle. Ige ta kai na farko, na farko suka miƙa gaba, daga kasuwa zuwa kasuwa, daga gidan suna zuwa gidan biki.

Amsa ta riƙa dawowa a hankali, kowace ranar kasuwa da abin da Ige za ta kawo mini. Wance ta ce a kwana gidanta, amma a iso kafin la'asar don sauron wurinsu ba ya jiran magariba. Wance ta ce akwai kwarin da dorina ke kiwo, a bi ta gefen gabas kuma kada a buga jikin jirgi. Wata ta ce mazansu sun shimfiɗa mamari, igiyar nan mai ƙugiyoyi, a tsaya a gaida sarkin ruwansu da goro ya nuna inda za a ratsa. Wata kuwa cewa ta yi ta ji saƙo, amma man ya yi kaɗan. Na ƙara mata, ai ita ke da ruwa. Duk na haddace a kaina, ina wanke-wanke ina bitar tungaye kamar mai tilawa. Abu guda dukansu suka haɗu a kai, shi ne lokaci. Idan ruwa ya cika maƙil, ba gaɓar da za a sauka, igiyar ruwa kuma tana jefa jirgi cikin fadama. Idan ya ja sosai, yashi ne zai riƙe mu. Tsakanin biyun 'yan kwanaki ne kawai, kuma sun faɗo daidai kan yankan shinkafa.

Saura jirgi. Ƙananan da ake kamun kifi da su ba sa ɗaukar mai kwance. Akwai babban jirgin marigayi kakanku a kife bayan gida, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa, katakon cikinsa ya ruɓe. Gyaransa ba ƙaramin abu ba ne, ni kuwa abin da na mallaka a duniya saniya ce guda, wadda babana ya ba ni tun ina yarinya, tana cikin garkensa a Gwandu, ga ta da ciki. Na shirya na tafi. Da na faɗa wa babana abin da ya kawo ni, sai ya tambaye ni ko ruwan Kalgo ne ya shiga kaina. Ya ce tun da yake bai taɓa jin wanda ya sayar da abin da ke haihuwa ya sayi abin da ke ruɓewa ba. Ya ce saniyar nan ita ce bayana, ranar da aure ya juya mini ita zan jingina da ita. Na ce na ji, Baba, amma zan sayar. Bai hana ni ba, shi ya kai ta kasuwa da kansa, amma ya yi shekara bai tako gidana ba, kuma har ya bar duniya bai sake ba ni ko maraƙi ba. Abin ya yi mini ciwo, har yau idan na ga jar saniya mai farin goshi sai na kawar da kai.

A nan ne babanku ya shigo cikin maganar, don ba yadda za a yi a fito da jirgi bai sani ba. Da ya ji na sayar da saniya saboda uwarsa, ya zauna bakin gado ya rufe fuska da hula. Washegari shi ya nemo kafinta daga Dangoma. Aka sake katako, aka cusa auduga a tsagogi aka bi da kwalta. Ranar da aka gama na je bakin gulbi in ga kayana, sai na tarar sun cika jirgin da ruwa sun nutsar da shi, bakinsa kawai ake gani. Na ɗora hannu a ka na ce wayyo saniyata! Masunta suka yi ta dariya har da masu faɗuwa. Ashe haka ake yi, sai katako ya sha ruwa ya kumbura sannan yake haɗe bakinsa. Na bar su da dariyarsu na koma kan nawa aikin. Na cika buhuna da ƙaiƙayin shinkafa na jera a tsakiyar jirgi, na ɗora katifa, na sa aka kafa rumfar zana a kai, na ɗinka labule don idan Inna za ta kama ruwa kada 'ya'yanta su gan ta. Ni na fara kwanciya a kai, na ce babanku ya girgiza jirgin iya ƙarfinsa. Ya girgiza har na ji daɗin abin, ban ji komai a ƙuguna ba.

Duk wannan Baffanku yana gani, ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Da ruwa ya fara barin alama a jikin itatuwan gaɓa, sai ga shi da hantsi a ƙofar ɗakin Inna. Ina ciki ina ba ta kunu, na yunƙura zan fita ta ce in zauna. Ya fara kawo maganar shinkafa, wai idan maza biyu suka bar gona tsuntsu ne zai yi mana girbi. Ta bar shi ya gama.

"Manu, ba shinkafa ta kawo ka ba. Ka san in na tahi ba ni dawowa, ni ma na sani. To, ka hi son in mutu nan ina kiran sunanta?"

Ƙaton mutumin nan, da garin Kalgo ke shakkar muryarsa, sai ga hawaye cikin gemunsa. A ranar na gane ashe ba taurin kai ba ne kawai, uwarsa ce ba ya son rabuwa da ita, kuma na daina jin haushinsa. Ya tashi ya fita. Da yamma aka gan shi yana zaɓen gwangwala, yana lanƙwasa kowace a gwiwa. Ya aiko babanku ya gaya mini cewa idan za a kai uwarsa, shi zai kai ta.

Bayan sallar asuba muka tashi, mu huɗu: Inna a kwance ƙarƙashin rumfa, ni a gefenta da ƙoƙon kwashe ruwa, babanku a gaba, Baffanku a baya. Ku kuna ƙanana, na bar ku wurin matar Baffanku, kuna ta kuka a gaɓa. Guzuri kaɗan na ɗauka, gumba da ƙuliƙuli da goro da gishiri, don na san akwai tukunyar da ke jiranmu a gaba. Rana ta ɗaga sosai kafin mu iso inda gulbi ya fara rabuwa. Na ce a raina yau idan ba komai a wurin nan na shiga uku. Sai babanku ya miƙa hannu. Can bakin reshen hagu ga sanda a kafe, ga jan ƙyallena yana kaɗawa. Wallahi ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Baffanku ya ce a zauna lafiya kada a kifar da mutane, amma ya juya jirgi hagu.

Kwanakin da suka biyo baya suna cikin mafi daɗin da na yi a duniya. Bayan mun wuce wajajen Bunza sai gari ya ƙare, daga ruwa sai ciyawa sai sama. Bado ya rufe gefen gulbi fari fat, agwagin daji na tashi gabanmu, wani wuri mu yini ba mu ga ɗan'adam ba. Dorinar Baffanku ma mun gan ta, guda ɗaya, kunnuwanta kawai, kuma ba wanda ya kore ta, mu ne muka lallaɓa ta gabas. Wata rana muka iske makiyaya suna ƙetarar da shanu, na yi musu Fulatanci daga cikin jirgi, suka riƙe baki, suka cika mana ƙwarya da madara. Duk tungar da muka sauka mata na tsaye a gaɓa, a ɗauki Inna da katifarta a kai ta ɗaki, a zauna ana tambayar mutanen gida, wa ya mutu, wa ya haihu. Inna kuwa sai ta koma yarinya. Ta sa na ɗage mata zana tana nuna wurare, nan suka taɓa kwana da kakanku, can Hassana ta taɓa faɗawa ruwa garin tsinkar bado. Matar da sai an lallashe ta take shan kunu, ga ta tana cinye kan tarwaɗa. Amma kowace safiya babanku na duba gaɓa ya ce ruwa ya ƙara sauka, kuma a tunga ta baya-bayan nan an gaya mana Hassana ko kunu ta daina karɓa.

Ana cikin haka muka iso babbar mararraba. A dama gulbi ne sosai, faffaɗa, ruwa shimfiɗe har iyakar gani. A hagu wata 'yar hanya ce cikin burugu, da ƙyar ta fi jirginmu faɗi. Jan ƙyalle kuwa yana bakin 'yar hanyar. Baffanku ya kafa gwangwala ya tsayar da jirgi. Ya ce wannan wuri ya san shi, ya bi shi da babansa, dama ake bi, ƙyallen nan ko yara ne suka matsar da shi ko mijin Kulu bai fahimci saƙo ba. Kulu ita ce ɗiyar Kalgo da ke tunga ta gaba. Babanku ya dubi dama ya dubi hagu ya ce lallai dama ta fi kama da hanya. Ni kaina da ido zan bi, dama zan zaɓa. Amma saƙon Kulu na cikin kaina, ta ce wurinsu babban ruwa maƙaryaci ne. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ɗaga murya gaban Baffanku ba. Ranar na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Yaya, ka yi haƙuri, hagu za mu bi. Ƙyallen nan bai yi mana ƙarya ba tun daga gida."

Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, yaushe 'yar tudu ta fara nuna wa ɗan Kalgo ruwa? Idan jirgi ya maƙale cikin ciyawar nan da tsohuwa a ciki, wa zai fitar da mu, zane? Na ji kamar in nutse don kunya, amma na ce ko sau goma ya tambaye ni hagu zan ce. Sai muryar Inna daga ƙarƙashin rumfa.

"Manu, rabonka da ruwan ga tun ba ka da gemu. Ita Kulu da sahen ga ta wanke tukunya cikinai. Bi zane."

Muka shiga hagu, kuma kada in ɓoye muku, mun sha wuya. Ciyawa ta rufe mu ta ko'ina, iska ta ɗauke, zafi kamar cikin tanda. Wani wuri filafili ba ya shiga ruwa, gwangwala na nutsewa cikin laka, dole mazan suka sauka ruwa iya ƙirji, ɗaya na ja ɗaya na turawa. Matsattsaku suka manne musu a ƙafafu, burugu ya yayyanka musu hannuwa. Ni ina yi wa Inna fifita da hannu ɗaya, ina kwashe ruwa da ɗaya. Na ce a raina, Dije, idan kin kashe tsohuwar mutane a dajin nan ina za ki sa kanki? Baffanku ya ƙi ko duban inda nake, hakan ya fi zagi ciwo. Rana ta karkata, ni har na fara karanta abin da ake karantawa, sai ciyawa ta buɗe. Ga ruwa fili, ga bukkoki, ga hayaƙin banda, ga Kulu tsaye a gaɓa da hannu a goshi.

Mijin Kulu ne ya ba su labari suna cire matsattsaku da gishiri. Ya ce babban reshen nan ambaliyar shekarun baya ta toshe ƙarshensa da yashi, yana da nisa ƙwarai kafin mutum ya gane, kuma wanda ya shiga a irin wannan lokaci kafin ya juyo ruwa ya janye a bayansa, sai dai ya bar jirgi ya taka. Ba wanda ya dubi wani. Da safe muna shirin tashi, Baffanku ya riƙe gwangwala da hannuwansa da aka naɗe da tsumma, ya yi gyaran murya.

"Dije, yau ina munka nuhwa?"

Dije fa, ba 'yar tudu ba. Na gyara zama, na gaya masa, dalla-dalla, ban rage komai ba. Idan na ce muku ban ji daɗi ba na yi ƙarya, kaina har wani girma ya yi.

Da hantsi muka hango gungun. Labari ya riga mu isa, daga bakin mace zuwa bakin mace, duk garin ya fito. Gaɓar wurin tana da tsayi da santsi, mazan suka tsaya shawarar yadda za a hau da Inna ba a taɓa ƙugunta ba. Ba su gama ba sai muka ga taro ya dare. 'Ya'yan Hassana ne ɗauke da ita a tabarma, wai tun asuba ta hana kowa sakat sai an kawo ta bakin ruwa. Ta rame har ba ta fi yarinya nauyi ba, amma fuskar nan ta Inna ce sak. Na ce kada a wahalar da kowa, a sauko da ita cikin jirgi, katifar ta ishe su. Aka kwantar da ita a gefen 'yar'uwarta. Hassana ta ɗaga hannunta mai lafiya tana shafa fuskar Inna, goshi, hanci, baki. Ta yi ta kokawa da harshenta har maganar ta fito.

"Ke dai kullum sai an jira ki. Tun ran da anka haihe mu."

"To ga ni, sarkin gaggawa. Mi anka dahwa? An ce ba ki cin abinci."

Aka kawo kunu, Inna ta karɓi ludayi da hannunta, Hassana ta buɗe baki ta sha. 'Ya'yanta suka fashe da kuka, Baffanku ya juya baya yana kallon ruwa. Da ƙwaryar ta yi rabi sai Inna ta ce mun cika musu kunne, kowa ya fita, a tura jirgin gaba kaɗan, suna da magana. Na fito na hau gaɓa. Babanku ya ɗaura doguwar igiya a hancin jirgi ya tura shi cikin ruwa, ya nemi turken da zai ɗaure bai samu ba, sai ya miƙo mini.

Na zauna a gaɓa na naɗe igiyar a hannu. Gari guda na zaune bayana. Ba ma jin abin da suke cewa, zana ta rufe su, ƙafafunsu kawai muke gani a jere. Can sai dariya ta taso daga cikin jirgin, ta tsofaffi biyu, ɗaya na tari ɗaya na ƙara tunzura ta. Aka kira azahar, matan gungu suka ce in kawo igiyar su riƙe mini in je in ci abinci. Na ce a'a, ku bar ni da ita.